Alhaji da Kujerar Faransa

"Kawu, dakata! Kada ka zauna sai na yi maka bayani."

"Zaman ma yanzu sai an yi karatunsa?"

"Ai ba irin kujerun da ka saba gani ba ce. Sunanta Togo. Wani Bafaranshe ne ya zana ta, Michel Ducaroy, kamfanin Ligne Roset ya fito da ita a 1973."

Kawu ya zagaya ta, ya ɗan zungure ta da sanda. "Ina ƙafafun?"

"Ba ta da su."

"A hanya suka karye?"

"Haka aka yi ta. Ba katako, ba ƙarfe a ciki. Soso ne zalla, wani mai tauri wani mai laushi, aka lulluɓe da yadi."

"Wato katifa aka lanƙwasa aka sayar maka."

"Haba Kawu, fasaha ce! Shi kansa mai zanen da bututun man goge baki ya kwatanta ta, wanda aka naɗe."

"Allah ya saka masa, shi dai bai ɓoye maka komai ba. To wannan tamojin da ya cika ta fa? Tun ba ta iso ba ta tsufa?"

Hajiya ta leƙo da kujerar roba a hannu. "Sannu da zuwa, Kawu. Ga wannan, ita muke zama tun da aka kawo waccan."

Gaskiyarta. Tsofaffin kujerun gidan masu hannu da ƙafa, waɗanda ba su taɓa yi wa kowa laifi ba, an kwashe su saboda wai ba sa kyau a hoto. Sabuwar kuwa fara ce sol, don haka an hana yara zuwa kusa da ita, an hana shan komai a falon, baƙo ma sai an kalli bayan rigarsa kafin a ce bismillah.

Alhaji ya zaro waya. "Kai da ka ga sauran da nake shirin kawowa. Dubi wannan, Camaleonda, ta Mario Bellini ɗan Italiya, 1970. Guntu-guntu take, ka haɗa yadda kake so, akwai zobba da igiya da ake ɗaure ta."

"Kujerar da sai an ɗaure ta kamar akuya? In aka kwance ina za ta?"

"Ga kuma LC2, ta Le Corbusier da Charlotte Perriand da Pierre Jeanneret, tun 1928. Ita ƙarfenta a waje yake, kushin a ciki."

"Mutum uku suka taru suka yi kujera a bai-bai. Waccan ba ƙashi, wannan ƙashi a waje. Ba wadda aka haifa lafiya ne?"

"Kawu, ba za ka gane ba. Bari ka ga yadda ake zama."

Alhaji ya tattare babbar riga, ya juya, ya tafi ƙasa. Ya yi ta tafiya. Da ya isa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, tumbi ya rasa inda zai sa kansa.

"Alhamdulillahi. Ka ga hutu? Bayana har godiya yake yi."

"Na gani. To taso ka nuna mini sauran falon."

"Ina zuwa."

Ya lalubi hannun kujera, babu. Ya dafa soso, soso ya lotsa. Ya yunƙura, hula ta faɗi, shi bai motsa ba. Sai ya gyara zama, ya harɗe hannuwa.

"Gaggawar me ake yi? Falon ba gudu zai yi ba."

"Ungo sandata."

"Ni? Sanda? Kawu, ba kasa tashi na yi ba, ban ga dama ba ne."

Ɗaya wayar ta hau ruri a kan tebur, can nesa. Hajiya ta duba. "Alhaji, mutumin kwangilar nan ne da kake jira tun safe."

"Bar shi. Babban mutum ba ya ɗauka a kiran farko."

"Kira na huɗu ke nan."

"To ya koyi haƙuri."

"Kawu, shekaranjiya ma a nan ya kwana. Wai yana gwada ingancin soson."

"Kuma ya ci jarrabawa! Turawa da wayonsu, sun san zama kusa da ƙasa ya fi lafiya."

"In kusa da ƙasa ake nema, ai ga ƙasar nan kyauta," in ji Kawu, ya miƙe ƙafa a kujerar robarsa.

Aka yi shiru. Gumi ya fara tsattsafo wa Alhaji duk da sanyin na'ura. Ya saci kallon ƙofa, ya saci kallon Kawu, wanda ko alamar tafiya ba ya yi. Tsoho ya samu kallo, ina zai je?

"Hajiya, kira mini yaron nan."

"Ya zo ya ɗaga ka?"

"Ya ɗauke ni hoto, za a sa a Instagram. Ya tabbatar kujerar ta fito duka." Ya rage murya. "In ya gama, ya matso mu gaisa, mun kwana biyu ba mu gaisa ba. Ki ce masa da hannu biyu, kuma ya kafe ƙafarsa da kyau."