Camry, Accord ko Sonata: abin da na faɗa wa ƙanena kafin ya biya kuɗi

Makon jiya da daddare ƙanena ya turo min hotunan motoci uku, ya rubuta a ƙasa, "Yaya, don Allah ka zaɓar min ɗaya, kaina ya kulle." Toyota Camry ce, da Honda Accord, da Hyundai Sonata, duk ƙirar 2020. Shekara biyar yana tara kuɗin nan. Yana da mata da yara uku, kuma shi ke kai Hajiyarmu ganin likita duk wata. Ya ce kwana uku ya yi yana kallon bidiyon Turawa masu gwada motoci, kowa da wadda yake yabo, har ya rasa wa zai bi. Na ce masa ya zo gida mu zauna, wannan ba maganar waya ba ce. Abin da muka tattauna nake so in rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Abin da ya sa zaɓin ke da wuya shi ne, a takarda motocin nan kusan abu ɗaya ne. Ƙofa huɗu, mutum biyar, tsawo kusan mita 4.9, inji mai silinda huɗu yana jan tayoyin gaba. Camry mai injin lita 2.5 tana da ƙarfin doki 203, Accord mai lita 1.5 da tabo (na'urar da ke hura wa inji iska) tana da 192, Sonata mai lita 2.5 tana da 191. Wa zai ji bambancin doki goma sha biyu a cunkoson Kurna da ƙarfe biyar na yamma? Babu. To tunda haka ne, sai mutum ya koma kallon fitilu, da girman allon gaban mota, da yadda bayanta ya lanƙwasa. Nan ne ake yin kuskuren da za a yi shekaru ana biya.

Masu bidiyon nan ba ƙarya suke yi ba, amma ba da mu suke magana ba. Suna magana da mutumin da titinsa sumul yake, fetur ɗinsa mai tsabta ne, kuma in motar ta yi tari akwai shagon kamfanin a garinsu. A Amurka Hyundai tana bai wa wanda ya fara sayen mota garantin inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000. Wannan babban dalili ne na sayen Sonata a can. Amma garantin nan ba ya hawa jirgin ruwa ya biyo mota zuwa tashar Tin Can. Ranar da ta sauka Legas, garantinta shi ne aljihunka da bakanikenka.

Dole ma mu fayyace abin da muke nufi da "sabuwa". Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, mota 'yar leda daga wakilin kamfani ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. Yawancinmu in mun ce mun sayi sabuwar mota, Beljiyam muke nufi, wadda wani ya hau shekara uku ko biyar a wata ƙasa. Wanda Allah ya hore wa ya sayi 'yar leda, ina taya shi murna, kuma ina ba shi shawara ya saya a hannun wakilin kamfani na cikin ƙasa ko da ta fi tsada, domin takardar garanti da ke aiki a nan ta fi rangwamen da zai samu a waje. Amma ko shi, sauran maganata ta shafe shi, domin garanti ƙarewa yake yi.

Ra'ayina a taƙaice: in motoci suka yi kama da juna haka, ba a filin dillali ake zaɓa ba. A kasuwar kayan gyara ake zaɓa, da garejin bakanike, da kujerar baya.

Na koyi wannan ne da kuɗina. Shekarun baya na sayi wata mota mai kyau, ba zan faɗi sunanta ba domin ba laifin masu ƙera ta ba ne. Wata takwas ina jin daɗinta. Sai wata 'yar na'ura da ba ta fi ɗan yatsa ba ta mutu a jikin inji. Babu ita a Kano, babu a Kaduna, aka ce a jira daga Legas, wadda ta zo ba ta dace ba. Mako biyar mota na ajiye a ƙofar gida, yara na tafiya makaranta a adaidaita sahu, kuma a cikin makonnin nan ne uwargida ta yi rashin lafiyar dare, sai da na buga wa maƙwabci ƙofa. Har yau in na tuna daren nan raina ɓaci yake yi. Motar iyali amfaninta ta tashi a lokacin da ake buƙatarta, sauran duk ƙari ne.

Shi ya sa washegari na ɗauki ƙanena muka tafi kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano. Na ce ya rubuta kaya biyar a takarda: shakazoba ta gaba, fitilar gaba guda, famfon mai, gilashin gaba, da madubin gefe. Muka shiga shago-shago muna tambayar kuɗinsu ga kowace mota. In ka ce Camry, mai shago tambayarka yake yi, sabo kake so ko Beljiyam, mai kyau ko mai sauƙi. In ka ce Accord, yakan samu, ko ya aika yaro layi na gaba. In ka ce Sonata ta 2020, sai ka ga ya ɗauki waya ya ce bari ya tambaya a kasuwar Ladipo ta Legas. Ban ce masa komai ba, da idonsa ya gani. Wanda ke Kaduna ya yi haka a Fanteka, na Abuja ya je Apo. Yini guda ne kawai, kuma zai gaya maka abin da bidiyo ɗari ba za su gaya maka ba.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin mu. Me ya sa Peugeot 504 ta mallaki titunan Arewa shekaru da yawa? Masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kayan gyara suka cika ko'ina, kuma ko a ƙauye ta tsaya maka za ka sami wanda ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Toyota ce ta gaji wannan matsayi yau, kuma shi ne ainihin abin da kake biya in ka ga Camry ta fi takwarorinta tsada.

Sai batun inji da giya, inda na fi daɗewa da shi. Camry ta 2018 zuwa 2024 mai lita 2.5 ba ta da tabo, kuma giyarta otomatik ce ta gargajiya mai hawa takwas. Accord mai lita 1.5 kuwa ƙaramin inji ne da tabo ke hura wa iska don ya yi aikin babba, an haɗa shi da giyar CVT, wadda ba haƙora take canzawa ba, ɗamarar ƙarfe ce ke zamewa tsakanin faifai biyu. Fasaha ce mai kyau, tana rage shan mai, kuma tuƙinta akwai daɗi. Amma ba ta yafe sakaci. Tabo yana juyawa da gudu mai tsanani cikin zafi, baƙin mai ne ke raya shi. Kamfanin ya ce a zuba siririn baƙin mai mai lamba 0W-20, mu kuma a garejinmu har yanzu akwai mai ce maka ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri. Giyar CVT tana da nata man na musamman, in aka zuba mata na giyar otomatik ta yau da kullum an fara haƙa mata kabari. Ga jabun mai a kasuwa cikin galan mai kama da na asali. Ga fetur ɗin da ba kullum ake da tabbas a kansa ba, ba mu manta gurɓataccen man da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022 ba, wanda ya lalata injinan mutane. Camry ma siririn mai take so, 0W-16 aka rubuta mata, ba a ce a yi mata ganganci ba. Sai dai injin da ba tabo ya fi jure kuskuren ɗan Adam, kuma a inda muke zaune kuskuren nan sai ya faru.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin Accord. Wallahi a cikin ukun ita zuciyata ta fi so. Sitiyarinta ya fi amsawa, ta fi kama titi a kwana, kuma bayanta ya fi faɗi: wurin miƙe ƙafa a kujerar baya ya fi na Camry da kusan santimita 6, but ɗinta lita 473 ne, na Camry 428. Ga mai yara uku da kayan tafiya gida sallah, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Honda ma ta fara harhaɗa Accord a Ota ta jihar Ogun a 2015, don haka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tsoron da mutane ke yi na cewa ƙafar Honda na fita a kan hanya daga tsofaffin ƙira ya samo asali, irin su Accord ta 2003 da ake wa laƙabi da End of Discussion, kuma mafi yawansa daga jabun kayan ƙafa ne da rashin dubawa a kan lokaci. Camry ma tana da nata tabon a tarihi. Duk wanda ya hau Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu ya san yadda wasunsu ke shan baƙin mai, da yadda dashbod ke narkewa ya yi danƙo a rana. Babu kamfanin da bai taɓa tuntuɓe ba.

Sonata kuwa ita ce ta fi ba ka kaya da yawa a kuɗi kaɗan, kuma cikinta ya burge ƙanena ƙwarai. Abin da ke bin ta shi ne sunan da ta yi a baya. A 2015 kamfanin ya janye Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012 a Amurka saboda matsalar inji, da yawa daga irinsu kuma nan suka ƙare. Injin ƙirar 2020 daban ne, amma kasuwa ba ta mantuwa da wuri. Ranar da ka tashi sayarwa, ko don kuɗin makaranta ko don wata lalura, Camry kafin la'asar ta sami mai saye, Sonata sai ka yi haƙuri kuma ka sauke farashi. A wurinmu mota ajiya ce, ba abin hawa kaɗai ba.

Akwai wani abu da na roƙe shi, kuma ina roƙon duk mai karatu: ku guji manyan ƙafafu. Accord Sport da Camry XSE suna zuwa da ƙafa mai inci 19 da siririyar taya. Suna da kyau a hoto. Rami ɗaya a damina ya isa ya fasa tayar ya lanƙwasa ƙarfen. Mai inci 17 da taya mai kauri ta fi laushi, ta fi araha, ta fi samuwa. Dama motocin nan tsakaninsu da ƙasa bai wuce santimita 15 ba, in an loda mutum biyar da buhun shinkafa cikinsu na gogar duk wani tudun rage gudu. Wanda hanyar garinsu gargada ce zalla, ya sake tunani a kan irin wannan mota gaba ɗaya.

Ya tambaye ni batun motoci masu haɗa fetur da batir, tunda daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi kowa lissafin lita yake yi. Toyota ta daɗe a wannan fanni, tun Prius ta 1997, kuma Camry ta 2025 da ake sayarwa a Amurka duk irin wannan ce, babu mai fetur zalla. Ke nan nan da 'yan shekaru su ne za su cika filayen dillalai, ko muna so ko ba ma so. A cikin gari suna rage shan mai sosai. Na ce masa in yana da mai gyaran da ya san su da gaske, ba mai koyo a kan motarsa ba, ya saya. Sai ya kula da tace ƙurar fankar da ke sanyaya batir, musamman lokacin hunturu. Ya kuma ɗaga shimfiɗar but ya duba, domin Accord mai batir ta 2023 ba ta zuwa da safayar taya, ɗan famfo da ruwan liƙi kawai ake sakawa. Ba na son ɗan'uwana ya tsaya da iyali tsakanin Funtuwa da Gusau da magariba yana neman mai faci.

Duk wannan magana a kan iri ce. Motar da ke gabanka kuma tana da nata labarin. Lafiyayyar Sonata ta fi Camry da ambaliya ta shanye a can aka wanke aka turo. A ɗauki lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17 a binciki tarihinta a intanet, a jona mata kwamfuta, a ɗaga kafet a shinshina, a tabbatar da takardun kwastan. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka wadda aka ce maka ta biyo ta Kwatano da araha, ka san abin da kake ɗauka.

Da ya matsa min sai na faɗi ɗaya, na ce masa Camry mai lita 2.5, ƙafa inci 17, domin aikinsa na kai shi Haɗeja da Gumel, kuma shi ba mai bin jadawalin juyen mai ba ne, na san halinsa. Da a ce Abuja yake zaune da bakanike tsayayye, da Accord zan ce. Matarsa dai har yanzu Accord take so saboda faɗin baya, kuma tana da hujja, ita ke zama da yaran. Ta kuma lura da abin da mu biyu ba mu lura ba: Camry ɗin da aka nuna mana ba ta da hancin esi a kujerar baya, alhali a watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40.

Saboda haka ba a biya kuɗi ba tukuna. Ranar Asabar in sha Allahu za mu koma da bakanike da kwamfutarsa, da yaran duka uku, da Hajiya. Gwiwarta na damunta, kuma motocin nan duk a ƙasa suke. Na ce ta shiga bayan kowace ta fito sau biyu, ba wanda zai riƙe mata hannu, mu ga wadda ba ta sa ta cije leɓe ba.