Ku sauka daga kan layin dogo, don Allah

Tun jiya da yamma raina a ɓace yake, kuma mutanen Agege a nan Legas sun san dalili. Yaro ne bai wuce shekara goma sha biyar ba, tiren dabino a ka, ya toshe kunnuwa yana jin waƙa, yana tafe a tsakiyar layi. Jirgin ƙasan fasinja na Legas da ake kira Red Line ya taho daga wajen Ikeja yana ta danna oda, bai ji ba. Da wani mai baro bai finciko rigarsa ba, da yau zaman makoki muke yi. Jirgin na wucewa yaron ya koma ya durƙusa yana tsince dabinonsa a cikin tsakuwa, manya na tsaye suna kallo. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Ai kwanansa na gaba."

Baba, da girmanka, wannan magana ba ta kamata ba. Ajali gaskiya ne, amma wanda ya ce mu yi tawakkali shi ne ya ce mu ɗaure raƙumi tukuna. Tsayawa a gaban jirgi ganganci ne, kuma mu daina kiransa tsautsayi.

Ku sauka daga kan layin nan. Ba layin da kuka sani da ba ne, lokacin da tsohon jirgi ke jan jiki, mai tumatir ya janye kwando a tsanake, ya wuce ya mayar. Tun watan Oktoban 2024 Red Line ke ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, kilomita 27, kuma layi ɗaya suke bi da jirgin Ibadan. Kana kallon wanda ya wuce, wani na tahowa ta bayanka. Jirgi kuma ba motar haya ta danfo ba ne. Ko direba ya hango ka ya taka birki, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Har mun manta da watan Maris na 2023, da jirgi ya kwashi motar ma'aikatan gwamnati a mararrabar PWD da ke Ikeja? Mutum shida suka rasu. Babbar bas ke nan, balle ɗan Adam da tire a ka.

Na san masu cewa gadar tsallaka layi ta yi nisa, hawanta da kaya akwai wuya. Na yarda, ni ma gwiwata ba ta son matakala. Minti biyar ne dai. Masu cewa a nan ciniki yake, kuɗin shago ya fi ƙarfin talaka, wannan ma na sani, ni ma da talla na fara a garin nan. To nawa za ka samu a wuni da zai biya uwarka da ke Sakkwato ko Katsina tana jiran ka aiko? Wa zai ɗaga waya ya gaya mata? Ku sauka kawai.

Su kuma na ɓangaren Mile 2 da Alaba, naku ya fi wannan haɗari. Jirginku na Blue Line da lantarki yake tafiya, wutar kuma tana kwance ne a wani ƙarfe na uku da ke gefen layin. Ba sai jirgi ya zo ba, takawa kaɗai ta isa. Ɗan ci-ranin da ya sauka daga tirela jiya bai san haka ba, allon gargaɗin ma ba lallai ya iya karantawa ba. Wanda ya sauke shi a ɗakinsa, alhakin gaya masa yana wuyansa. Ina roƙon limamanmu su faɗa a huɗuba, sarakunan Hausawa su faɗa a fada, a riƙa sanarwa da Hausa ta lasifika a tashar Agege da ta Mushin.

Mai baron nan kuwa ban samu na yi masa godiya ba, kafin in waiga ya tura kayansa ya shige kasuwa. Dogo ne, da hula ja. Duk wanda ya san shi ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina da ɗan alherin da zan ba shi.