Randar Inna ba ta neman ƙyalli

Ranar Lahadi da daddare ƙanena ya kira ni daga gida da wata sabuwar dabara. Wai ya lura magina tukwane na garinmu sai raguwa suke yi, roba da silba sun kashe musu kasuwa, shi kuma ya gano bakin zaren. "Yaya, ke da kike zaune a garin tangaran, ki nemo mana fentin nan da suke shafa wa kwanukansu suna ƙyalli. In aka shafa wa tulu da randa, wallahi sai an yi layi." Na yi dariya, don ni ma shekara uku da suka wuce tunanina ke nan: tukunyarmu aiki ne da ba a gama ba, Bature ya gama nasa ya shafe shi da sheƙi, mu kuma muka tsaya rabin hanya.

Garin da nake zaune, Stoke-on-Trent a tsakiyar Ingila, da yumɓu ya yi suna. Garuruwa shida ne aka haɗe a 1910, kuma a nan shahararren mai yin tangaran Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa a 1759. Har yau in kina tafiya a Longton, ɗaya daga cikin garuruwan shida, za ki ga tsofaffin matoya na bulo masu siffar kwalba a tsaye, kamar rumbunan da aka manta da su. Mutanen garin suna da wata ɗabi'a: in aka kawo musu shayi a gidan abinci sai sun kifa faranti sun duba gindinsa, su ga wa ya yi. A irin wannan gari ne sanyi da kaɗaici suka tura ni ajin koyon ginin tukwane na yamma, sau ɗaya a mako. A can na gane cewa abin da muke haɗawa mu kira "fenti" abu biyu ne da ba su ko haɗa kaka ba.

Na farko suna ce masa silif. Ni dai kunun yumɓu nake kiransa, don ba wani abu ba ne illa yumɓu da aka dama da ruwa aka tace har ya yi kaurin kunun tsamiya. Yana iya zama fari, ja ko baƙi, gwargwadon ƙasar da aka dama ko sinadarin launin da aka zuba. Ana shafa shi a jikin tukunya tun tana da danshi, ta yi ƙarfin da za a ɗauka ba ta lotse ba amma ba ta bushe ba. Dalili kuwa shi ne laka tana tsukewa in tana bushewa, dole tukunyar da kunun da ke jikinta su tsuke tare. Ni da kunnen ƙashi na shafa farin kunu a kan wani kwano da ya kwana bakwai ya bushe ƙamas. Washegari fatar ta tattashi tana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Malamar tamu, wata dattijuwa mai hannu kamar na manomi, ta ɗaga kwanon ta kalle ni ta ajiye, ba ta ce uffan ba.

In aka gasa kunun yumɓu ba ya narkewa. Yumɓu ne, yana nan yumɓu, sai dai ya yi tauri ya zama jiki ɗaya da tukunyar. Galibi ba ya sheƙi da kansa, kuma ba ya toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu.

Da malamar ta gama bayani sai na ji kamar an dawo da ni tsakar gidan Inna, maƙwabciyarmu maginiya. Jar ƙasar nan da take jiƙawa a kasko, ta tsoma tsumma ta shafe wuyan tulu da kafaɗarsa, sannan ta ɗauki wani dutsen rafi mai santsi da ba ta yarda yaro ya taɓa, ta yi ta gugar tulun har ya ɗauki ido, ashe shi ne abin da na biya kuɗi in koya a Ingila. Ƙyallin da dutsen yake fitarwa na guga ne, ƙwayoyin lakar ne ke kwantawa su daidaita. Haka ma magina na Mirya a ƙasar Damagaram da na Bubon kusa da Yamai, zanen da suke yi wa tuluna da farar ƙasa da ja duk wannan dangin ne. Kai har tsofaffin tukwanen Girka masu baƙin zane mai sheƙi, waɗanda ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a gidajen tarihi, baƙin nan nasu tataccen kunun yumɓu ne mai laushin gaske.

Akwai kuma wani abu na uku da muke yi wanda ba ya cikin lissafin Turawan ajinmu. Tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta a yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yi cuuu, ta yi duhu da ɗan maiƙo, ta rage yoyo. Da na ba su labari sai da suka sa na maimaita.

Abu na biyu, wanda ƙanena yake nufi, shi ne gilez, ruwan tangaran. Wannan gilashi ne, gilashi na gaske, da aka narkar a jikin tukunya. Abu uku ke cikinsa. Akwai silika, sinadarin da ke cikin farin yashi da ƙanƙarar dutse, shi ne ke zama gilashin. Shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1700, saboda haka sai a haɗa shi da abin da zai sa ya narke da wuri, kamar toka, ko farar ƙasa ta alli, ko wani dutse da ake kira felsifa. Na uku ɗan yumɓu ne, wanda ke ba shi kauri ya riƙe jikin tukunya kada ya gangare. Galibi sai an fara gasa tukunyar sau ɗaya a wajen digiri 1000, sannan a tsoma ta cikin ruwan, a mayar da ita wuta. Abin mamaki a bokiti yana kama da kunun kanwa, fari-fari ko toka-toka, ba yadda za ki gane launinsa. Wanda kika tsoma yana ruwan toka sai ya fito kore shar, ko shuɗi. Wuta ce ke yanke hukunci.

Ita ma wutar ba irin tamu ba ce. Inna tana jera tukwane a fili, ta lulluɓe da kara da ciyawa da itace, ta cinna, cikin ɗan lokaci an gama. Irin wannan wuta tana tsayawa tsakanin digiri 600 zuwa 900. Tangaran mai ƙarfi kuwa yana son 1200 zuwa 1300, a rufaffiyar matoya, zafi yana hawa sannu a hankali na sa'o'i da yawa, ya kuma sauka sannu a hankali. Wannan shi ne abu na farko da na faɗa wa ƙanena: ba abin da zan zuba a jarka in aiko maka ka shafa da buroshi. Ko na aiko, a wutar kara gari zai zauna, ka goge shi da yatsa. In kuma ka kai lakar Inna wutar 1300, mai yiwuwa ita kanta ta lanƙwashe ko ta kumbura, don ba kowace laka ke jure wannan zafi ba. Sannan dole gilashin da lakar su dace wajen tsukewa in suna hucewa, in ba haka ba gilashin ya tsattsage kamar ƙasar fadama a watan Maris. Ni kaina na taɓa cika wa wani kofi ruwan tangaran har gindi, ya narke ya gangaro ya manne da allon matoya, sai da guduma aka raba su. Kofin bai rayu ba.

To amma a ce duk an shawo kan wannan. A ce ƙanena ya sami matoya da lakar da ta dace. Nan ne ainihin inda muka saɓa, domin ina ganin ranar da ka shafa wa randa gilashi, ranar ka kashe ta.

Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Saboda randa tana gumi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta ɗauke shi, shi kuma ya tafi da zafin. Danshin nan da ke gindin randa, inda muke zuba yashi, har wani lokaci ciyawa ta tsiro, shi ne injin. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da yalo da alayyafo ba da lantarki ba, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Shafa wa tukunyar waje gilashi ka gani, ka sami bokiti mai nauyi kawai. Na gwada da hannuna: na gina ƙananan tuluna biyu, ɗaya na bar shi da jan kunu, ɗaya na tsoma a ruwan tangaran. A ɗan zafin da suke kira bazara a nan na cika su na ajiye a taga. Na farkon ya jiƙe allon tagar, ruwansa ya yi sanyi har da ɗan ƙamshin ƙasar nan da ke sa mutum kewar gida. Na biyun ya fi kyau a hoto, ruwansa kuwa kamar na famfo.

Ba ni na fara gano wannan ba. Ki ciro naira ashirin ki juya bayanta, matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali. Tun kafin Bature ya san ta, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta. Michael Cardew, maginin Ingila da ya yi aiki a Gana kafin ya zo Najeriya, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. A can ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu yadda ta gada, ta zana ƙadangare da kada da kunama da kifi da tsinin wuƙa, a cike zanen da farin kunun yumɓu, sannan a rufe da ruwan tangaran mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa, a gasa a babbar wuta. Ga abu biyun nan a jikin tukunya ɗaya, kowanne da aikinsa: kunu ya yi zane, gilashi ya rufe. An nuna tulunan a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984 da sunanta a duniya. Amma tulunan nan sun yi nauyi, kuma sun daina sanyaya ruwa. Sun tashi daga kayan rafi sun koma kayan kallo. Ban ce laifi ba ne, ni ma in na sami ɗaya ba zan zuba masa ruwa ba. Sai dai ƙanena ba kayan gidan tarihi yake son sayarwa a kasuwar garinmu ba.

Kada a ce na raina tangaran. Akwai inda ba shi da na biyu. Kwanon miya mai manja, kofin shayi, farantin da za a wanke sau uku a rana, duk gara mai gilashi, don ba ya shan mai, ba ya riƙe wari, ba ya ba ƙwayoyin cuta wurin ɓuya. Kullum ina jin haushin yadda muke da farar laka da felsifa da toka a Arewa amma kofin shayinmu daga Sin yake zuwa. In ƙanena zai sa kuɗinsa a nan, ya je Ushafa ko Bwari ya ga masu yi, ya koyi matoya, zan taimaka masa da abin da nake da shi.

Da sharaɗi ɗaya, wanda na nanata masa har ya ce na cika tsoro. Hanya mafi sauƙi ta samun gilashi mai sheƙi a ƙaramar wuta ita ce dalma. A gidan tarihin tukwane da ke Hanley, a nan garin, akwai manyan farantan wani magini Thomas Toft na wajen shekarun 1670, an yi musu zane da kunun yumɓu, sannan aka rufe da gilashin dalma mai launin zuma. Magina na wancan zamani garin dutsen dalma suke barbaɗawa, irin dutsen nan da ake samu a cikin kwallin gargajiya. Kyan ɗan maciji ke nan. Ma'aikatan da ke tsoma kaya a ruwan tangaran a wannan gari, mata da yawa a cikinsu, sun sha gubar dalma shekara da shekaru, hannu ya shanye, ciki ya zube, kafin doka ta hana amfani da ɗanyen dalma a ƙarshen shekarun 1940. Kuma kwanon da aka yi da irin wannan gilashi ba a gasa shi daidai ba, da zarar an zuba masa abu mai tsami, kunun tsamiya, zoɓo, miyar tumatir, sai dalmar ta riƙa saki cikin abincin. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara ɗaruruwa a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon wa'azi. Abin da nake tsoro shi ne wani ɗan kasuwa ya kawo wa ƙanena gari a leda, ba suna ba takarda, ya ce ga maganin ƙyalli mai narkewa da wuri.

Da muka kusa sallama sai ya ce, "To Yaya, randar fa? Haka za a bar ta ba kwalliya?" Na ce ya je gidan Inna. Ta tsufa, ta daina gini, amma 'yarta tana yi. Ya tambaye ta inda suke ɗebo jar ƙasar, ya ga ko akwai fara da baƙa a kusa, a ƙara zane a wuya da kafaɗa, a yi ƙananan randuna masu murfi da famfo a gindi don mutanen birni da wutar lantarki ta gama wahalar da su. Na kuma ce in dutsen gugar nan yana nan, ya ɗauko mini hotonsa, malamarmu tana son gani.

Jiya ya turo. Yana nan cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya ƙara ƙanƙancewa, gefe ɗaya ya lafe daidai babban yatsa.