Wa ya cike gurbin gwajin fitsari a katin ƙanwata?

Sau biyar ƙanwata ta je awo a asibitin unguwarmu. Sau biyar tana sammako, ta bi layi har azahar, a ɗora ta a sikeli, a shafa ciki, a miƙo mata maganin ƙarin jini. Ko sau ɗaya ba a ce ta kawo fitsari ba.

Cikin fari ne. Da ya shiga wata bakwai fuskarta ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, kai kuma kamar ana sara da gatari. Ta gaya wa sista. Aka ce mata, "Ke dai ki rage gishiri, kowace mai ciki haka take." A gida Inna ta ce zaƙi ne, ta jiƙa mata saiwoyi. Ban ga laifin Inna ba, ita ba ta yi makarantar ungozoma ba.

Cikin dare jijjiga ta kama ta. Ta taune harshe, idanu suka juye, maƙwabta na ta kawo tofi wai iska ce. A Keke Napep muka kai ta babban asibiti, aka yi mata allurar magnesium sulphate mai tsayar da jijjiga, aka shiga da ita tiyata. Ta rayu, alhamdu lillahi. Jaririn yana kwalba har yau.

Likita ne ya yi mana bayani. Idan ciki ya wuce mako 20, jini ya hau zuwa 140/90, ƙoda kuma ta fara zubar da furotin cikin fitsari, to jijjiga na bakin ƙofa. Gwajin kuwa ɗan tsinken takarda ne. A tsoma a fitsari, cikin minti ɗaya ya juye daga rawaya zuwa kore. Minti ɗaya, jama'a! Shi ne aka kasa yi mata a zuwa biyar.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne katin awon. A gurbin fitsari an rubuta babu komai, sau biyar, da biro iri ɗaya. Fitsarin wa aka gwada? Da an bar gurbin fayau, da wani ya lura ya tambaya. Wannan ai ba sakaci ba ne, ƙarya ce aka sa wa hannu.

Na koma asibitin unguwarmu da katin. Wai kayan gwaji sun ƙare tun bara. To me ya hana ku faɗa? Mun sayi safar hannu, mun sayi auduga da reza da Dettol, duk abin da kuka rubuta mun kawo ba musu. Tsinken fitsari ne zai gagare mu? Na san mutum biyu ne ke duba mata cike da rumfa, na san akwai gajiya. Gajiya dai ba ta riƙe biro.

Katin yana hannuna. Ranar Litinin zan kai shi ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, in ji wanda zai ce rubutunsa ne.