Kifin da ya zuba ƙwai hanya yake nema

Masu kamun kifi da ƙugiya a Oregon da Washington suna yawan gardama kan tsawon zaman da sitilhed, wani kifi da ke girma a teku ya hau kogi don haihuwa, ke yi a kogi bayan ya zuba ƙwai. Wani ya ce mako guda, wani ya ce wata biyu. Ni dai a zaman da na yi a wannan yanki na Amurka, abin da na fahimta shi ne kifin ba zama yake so ba. Cikin 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni yake juyawa ya gangara Tekun Pasifik. In ka ga ya yi jinkiri, ko dai sanyin ruwa ne, ko kuma an tare masa hanya.

Dogon zaman ma kafin zuba ƙwai ne. Akwai masu shigowa kogi tsakanin Mayu da Oktoba, su lafe a gurbi mai zurfi duk tsawon hunturu, ba wani cin kirki, sai wajen Maris zuwa Mayu macen ta haƙa rami a tsakuwa da jelarta ta zuba. Masu shigowa da hunturu kuwa ba sa daɗewa suke gamawa. Kifin salmon na wannan teku duk mutuwa yake yi bayan haka, amma sitilhed yana iya komawa teku, ya yi ƙiba, ya sake dawowa.

Sai ka ga macen da ta gama za ka san wahalar da ta sha. Ta rame, kai ya fi jiki girma, ciki ya shafe, jela ta zaizaye saboda haƙa, wani lokaci ga farin tabo kamar auduga a gadon baya. Mai jego ce sak, ba ƙarfi, abinci kawai take bukata, abincin kuwa yana teku.

To ga inda gizo ke saƙar. Kifin da ya hau har duwatsun Idaho yakan yi tafiyar da ta kai kilomita 1,400, ya ƙetare madatsun ruwa takwas, huɗu a Kogin Kolumbiya, huɗu a Kogin Snake, daga Bonneville da aka gama a 1938 zuwa Lower Granite ta 1975. An yi masa matakalar hawa. A Bonneville har tagar gilashi akwai, kana tsaye kana kallonsu suna wucewa cikin koren ruwa, ana ƙirga su ɗai-ɗai. Amma matakala ta hawa ce. A dawowa, ramammen kifi zai ratsa tafki bayan tafki inda ruwa ya kwanta, sannan ya bi ta mazubar ruwa ko ya faɗa injin lantarki. Shi ya sa a Kogin Snake da ƙyar ake samun biyu cikin ɗari da suka zuba ƙwai karo na biyu, alhali a gajerun kogunan bakin teku sun fi haka nesa ba kusa ba. Tun 1997 sitilhed na Snake ke cikin jerin halittun da doka ta ce suna fuskantar barazana.

Ƙabilun asali na yankin, Yakama da Nez Perce, su suka ɗauki nauyin jinya. Ana tare matan da suka gama, a zuba su a manyan tankuna, a yi musu magani, a ciyar da su watanni, sai sun murmure a sake su a kogi. 'Yan uwanmu da ke nan in an ba su labari sai dariya, wai kifi har da asibiti. Ban ga abin dariya ba, amma ban ga na tafi ba. Kuɗi ne ake kashewa don gyara ɓarnar da aka yi da hannu.

Mu a gida tarwaɗa ba ta zuwa teku, sai dai tafiyarta iri ɗaya ce. Da ruwan damina ya cika kogi ya malala fadama, sai ta bi shi cikin ciyawa ta zuba ƙwai, in ruwa ya fara janyewa ta komo gurbi ita da 'ya'yanta. Duk wanda ya tashi a wajejen Haɗeja da Nguru ya san haka. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun rage ambaliyar, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, sannan mu kuma muka gitta dumba, wato shingen kamun kifi, daga gaɓa zuwa gaɓa, babba da ƙarami duk a kwashe. A kasuwa ma mai ƙwai aka fi rububi, ni kaina ina son ƙwan a miya, ba zan ɓoye ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba wai ba mu san hani ba ne. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin biki, kuma mutane na bi, don maganar Sarkin Ruwa tana da nauyi. Ba mu da kuɗin tankunan jinya, ba ma bukatarsu tukuna. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta su tsayar da 'yan makonnin farkon cikar ruwa a ajiye raga, in an kafa dumba a bar ƙofa a tsakiya, masu kula da Tiga da Challawa kuma su riƙa sakin ruwa a kan lokacin da kifi ke shiga fadama.