Sai rediyo ta faɗa sannan ya zama gaskiya?

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da wata rediyo mai cin batir huɗu wadda baduku ya ɗinka wa rigar fata. Da an sallame isha'i sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu a Rijiyar Dorowa cikin birnin Sakkwato, ƙarfe takwas da rabi na cika ya murɗa ta. Daga nan ko tari ba mai yi. Wanda ya makara cikin maƙwabta, tun kafin ya tuɓe takalmi za ka ji ya ce, "Malam, mi London tac ce?" Abin da London ta ce kuwa shi ne ƙarshen gardama a daren nan. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke magana da iyayenmu, Jamus ta biyo baya, Muryar Amurka ta shigo a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da Rima. Haka muka tashi, kunnenmu na gaba da idonmu. Shi ya sa Bahaushen da bai taɓa shiga aji ba zai zauna ya zayyana maka rikicin Gabas ta Tsakiya tiryan-tiryan, abin da wani mai digiri ba zai iya ba. Ina alfahari da wannan, kuma ba zan daina ba.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi.

A 2018 kawuna ya zo daga wani ƙauye na yankin Tangaza, ya kwana biyu a wurinmu. Da dare ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wasu baƙi sunka shigo muna daji. Da rawunna, da bindigogi, harshensu ba irin namu ba ne. Suna wa'azi, suna karɓar zakkar shanu." Na ga tsoro a fuskarsa, amma wallahi ban ɗauki maganar da nauyin da ya kamace ta ba. Dalilina guda ne, ban ji ta a rediyo yadda ya faɗe ta ba. Ɗan abin da ya fito a lokacin shi ne bayanin hukuma, cewa makiyaya ne da suka ƙetaro iyaka neman ruwa da ciyawa. Aka karanta, aka wuce zuwa labari na gaba. Sai a watan Nuwamban 2024, da hedikwatar tsaro a Abuja ta fito ta ce wata "sabuwar" ƙungiya mai suna Lakurawa ta ɓulla, sannan kowace tasha ta ɗauka, masu sharhi suka cika gidajen talabijin na Legas da Abuja, har da waɗanda ko taswirar ƙaramar hukumar Gudu ba su taɓa gani ba. Sabuwa a wurin wa? Mutanen Tangaza da Gudu sun shekara shida suna kwana suna tashi da su. Ni kaina, ɗan 'yar'uwarsa, sai da wani mai kaki ya faɗa a gaban makirufo sannan na gaskata kawuna. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kullum in ana maganar kafafen yaɗa labarai, sai a tsaya kan labaran ƙarya. Ƙarya na nan, zan zo kanta. Amma a ganina ba ita ce ta fi yi mana ɓarna ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne zaɓe: wane labari za a sa a farko, wanne za a ba daƙiƙa talatin, wanne ba za a taɓa ba sam. Edita bai buƙatar ya yi maka ƙarya ko ɗaya. Ya isa ya riƙa nuna maka gabas kullum, kai da kanka za ka manta akwai yamma.

Ku tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Dalilin da aka bayar ana iya fahimtarsa. Amma a watannin nan gabashin Sakkwato ya zama kamar an kife shi da ƙwarya. Harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba, wanda gwamnati da bakinta ta ce ya ci rai 43, ya fito ne don girmansa ya fi ƙarfin ɓoyewa. To ƙauyukan da aka kashe mutum biyu, aka kore shanu talatin, aka aza wa harajin miliyoyi fa? Labarinsu sai a bakin direbobi a tasha, sai a bakin matan da suka iso birni da ƙullin kaya a ka. Wanda ke zaune a cikin birni, a Arkilla ko Gawon Nama, yana jin rediyo zai ɗauka abin ya lafa, alhali wayar ce kawai ta mutu.

Sai mu dawo gida, ga tashoshinmu na cikin gari. Ina sauraronsu kullum, a mota da wurin aiki, kuma akwai ma'aikata a cikinsu da nake girmamawa ƙwarai. Amma kowa ya san yadda shirin siyasa yake tafiya. Fili ne na sayarwa. Ɗan siyasa ya biya minti goma sha biyar ko rabin awa, ya turo sojan bakansa, a buɗe masa makirufo. Wannan ya yi habaici, gobe na wancan ɓangaren ya zo ya rama, jibi a kawo waƙa. Mai sauraro na jin daɗi, don akwai gwanintar harshe a ciki, Basakkwace kuwa na son magana mai gishiri. Sai dai in ka shekara kana jin wannan, me za ka ɗauka siyasa take nufi? Za ka ɗauka rigima ce tsakanin manya: wane ya ci amanar ubangidansa, wane ya sauya sheƙa, wane bai gaida wane ba a wurin ɗaurin aure. Rijiyar burtsatsen unguwarku da ta shekara biyu a lalace ba ta cikin lissafi, don ba wanda ya saya mata fili.

Makon jiya na ga abin da idona a teburin mai shayi a Mabera. Samari biyu suka kaure da gardama kan abin da wani sojan baka ya faɗa da daddare, har ɗaya ya miƙe tsaye yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, mai shayi na ba su haƙuri. A ƙarshen bencin akwai wani ɗan kabu-kabu, ya haɗa kai da gwiwa yana shan shayinsa ba burodi. Na san shi, daga yankin Sabon Birni ya gudo da iyalinsa, gonarsa na can shekara uku bai taka ta ba. Ba wanda ya juya ya tambaye shi komai. Shi ne labarin da ya fi kowane girma a teburin nan, amma ba shi aka koya mana mu ɗauka a matsayin labari ba.

Kada wani ya ce ai surutu ne kawai, ba ya kashe kowa. A zaɓen gwamna na 2019 a jihar nan, bayan zagaye na biyu, ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmad Aliyu. Mutum 342 ba su cika sahun masallacin Juma'a guda ba. A jihar da ake iya rabuwa da irin wannan tazara, duk abin da aka zuba wa mutane a kunne wata uku kafin zaɓe yana iya zama shi ne gwamnatin shekara huɗu.

Yanzu ga waya ta shigo ta ƙara dagula ruwan. A da, ko ba komai, akwai edita tsakaninka da labari. Yau saƙon murya ne a WhatsApp, ba suna, ba ranar da aka yi shi, sai "ku tura wa 'yan'uwa Musulmi". Ni ma na taɓa faɗawa. A tsakiyar 2024, da wata jarida ta buga cewa yarjejeniyar Samoa, ta hulɗa da Tarayyar Turai, da Najeriya ta sa wa hannu ta ƙunshi amincewa da auren jinsi, raina ya ɓaci, na tura wa duk rukunin da nake ciki ba tare da na nemi takardar na karanta ba. Limamin unguwarmu ya yi huɗuba a kai, muka fito muna Allah-wadai. Daga baya hukumar sauraron ƙorafi kan 'yan jarida ta bincika ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta fito ta nemi afuwa, abin da na yaba mata a kai. Amma mutum nawa cikin waɗanda na tura wa na farko suka ga na biyun? Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tura gyaran, mutum uku kacal suka amsa. Har gobe akwai dattawa a unguwarmu da ke kan labarin farko, kuma da hannuna a ciki. Ayar nan ta shida a Suratul Hujurat da ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, tun muna makarantar allo muke jin ta, amma ranar da aka taɓo abin da ke sosa mini zuciya ban tuna da ita ba.

Game da tashoshin waje kuwa, har yanzu ina sauraronsu, don sau da yawa su ke faɗin abin da na gida ke tsoron faɗa. Sai dai ya kamata mu san kowace na da mai ita. A watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi tsit, ba don masu sauraro a Illela ko Gwadabawa sun gaji da ita ba, sai don shugaban ƙasarsu ya sa hannu a wata takarda a Washington. Maƙwabtanmu na Nijar kuma, bayan juyin mulkin Yulin 2023, sojoji suka dakatar da rediyon Faransa RFI, daga baya suka dakatar da BBC na wata uku. Tsakanin Illela da Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma ka zauna da ɗan'uwanka na can ku yi hirar Faransa ko ECOWAS, za ka rantse ba duniya ɗaya kuke ba. Kowa da abin da aka bari ya shiga kunnensa.

Ba na son wannan rubutu ya zama jifan 'yan jarida. Na san wasu da ke wata da watanni ba albashi, abin da suke kai wa gida shi ne ɗan kuɗin motar da ake miƙa musu a ambulan bayan taron manema labarai. Ta yaya wanda ya karɓi kuɗin motarka zai yi maka tambayar da za ta hana ka barci? Wanda kuma ya yi ƙarfin hali, ga hukuma na jiransa. A 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka nuna na BBC. Duk ƙaramin ɗan jarida a Sakkwato ya ga wannan, ya kuma fahimci saƙon. Tashar gwamnati ta gwamnati mai ci ce, ko wace jam'iyya ke sama. Mai zaman kanta kuma dizal take saye, mai biyan kuɗin dizal shi ke da makirufo.

Duk da haka akwai abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kason da ake rabawa daga asusun tarayya ana wallafa shi duk wata, ba asiri ba ne. Me zai hana tasha ɗaya a garin nan ta ware rabin awa a mako, ta karanto da Hausa nawa aka rubuta wa Isa, nawa Rabah, nawa Kebbe, nawa Binji, sannan ta buɗe waya mutanen can su faɗi abin da suka gani a ƙasa? Ba zagi, ba habaici, lissafi kawai da shaidar ido. Dokar 'yancin samun bayanai na nan tun 2011. Na yi imani da an yi wata uku ana haka, hirar teburin mai shayi za ta sauya. Kuma a samu wakilai 'yan asalin wuraren, masu jin Hausar wurin da Fulatancin wurin, ba wanda zai zauna a birni ya jira sanarwar kakakin 'yan sanda ba.

Wannan ƙasa ba baƙuwar isar da saƙo ba ce. Nana Asma'u ta tura mata malamai da ake kira jaji ƙauye-ƙauye da waƙoƙin ilmi a ka, su koyar da mata, su kuma dawo mata da halin da ƙauyen ke ciki. Saƙo na tafiya, saƙo na dawowa. Namu na yau tafiya kawai yake yi daga sama zuwa ƙasa.

Kawuna na nan da rai, ya tsufa, ya ƙi barin ƙauye. Shekaranjiya ya hau tudun da suke samun sabis ya kira ni. Ya ce an sake shigo musu, an kore awaki da raƙumi guda, mutanen unguwar gabas sun kwana a daji. Na yi masa jaje, na tambayi lafiyar inna da yara. Har zai kashe wayar sai ya ce, "Ɗana, ko rediyo ta hwaɗi?"

Na ce masa, "Kawu, ba ta faɗa ba tukuna."