Bismarck ya ɓace wa maƙiya, surutun kwamandansa ya tona shi

Ƴan uwana matasa, musamman ku da ba ku iya shiga mota sai kun sanar da duniya a Facebook, ku matso ku ji labarin Bismarck.

Jirgin ruwan yaƙi ne na Jamus, ƙirar Hamburg. A watan Mayun 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya fita farautar jiragen dakon kaya na Birtaniya. Ranar 24 ga wata, a mashigin da ke tsakanin Iceland da Greenland, ya yi karo da Hood, jirgin da Ingila ke tinƙaho da shi. Cikin ƴan mintuna Hood ya tarwatse. Mutum 1,418 ne a cikinsa, uku kacal suka rayu.

Shi ma Bismarck bai fita lafiya ba. Harsashin Prince of Wales, wani jirgin yaƙin Birtaniya da ke tare da Hood, ya huda ɓangaren gaba na Bismarck, mai ya riƙa tsiyaya. Ga shi kwana uku kafin nan, da suka yada zango kusa da Bergen a Norway, jirgin da ke tafiya tare da shi, Prinz Eugen, ya sha mai, shi bai sha ba. Dole ya rage gudu, ya nufi gaɓar Faransa neman gyara.

Duk da haka ya samu mafita. Kafin wayewar garin 25 ga wata ya yi wani lauje, ya ɓace wa masu bin sawunsa. Abin da ya rage masa kawai ya yi gum. Amma Admiral Günther Lütjens, babban kwamandan da ke cikin jirgin, a zatonsa har yanzu ana ganinsa, sai ya aika wa hedikwata dogon saƙo ta rediyo. Tashoshin sauraron Birtaniya suka tsinci sautin. Da farko sun yi kuskuren lissafi, har jiragensu suka bi wata hanya, daga baya suka gyara.

To shi Lütjens ko ba komai shugabanninsa yake kai wa rahoto. Kai fa? Wa ya tambaye ka motar da ka hau, da ƙarfe nawa za ku tashi daga tasha? Ke kuma, wa kike wa rahoto da kika ɗora hoton ƙofar gidanku? An yi maka alkawarin aiki, takarda ba ta fito ba, amma ƴan zaurenku na WhatsApp har sun san albashin. Cikin masu danna maka alamar so, ba ka san wanda ke lissafi ba. Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuwa bakin ya koma yatsa.

Ranar 26 wani jirgin saman sintiri na Birtaniya samfurin Catalina ya hango Bismarck. Da yamma jiragen sama samfurin Swordfish, tsofaffin yayi masu fukafukan yadi, suka taso daga Ark Royal, jirgin ruwan Birtaniya mai dakon jiragen sama, ɗayansu ya saki nakiyar da ta cije abin juya akalar jirgin. Ƙaton ya kwana yana walagigi, ya kasa kama hanyar Faransa. Da safiyar 27 manyan jiragen yaƙin Birtaniya, King George V da Rodney, suka yi masa ruwan wuta har ya nitse. Cikin mutum sama da 2,200, ɗari da ƴan kai aka tsamo. Lütjens ba ya cikinsu.